Zauren Uwargida: Kunyar Ɗan Fari Da Bakin Yaro

Yau kam ba wasiƙar kowa zan amsa ba, asirin kaina zan tona, don wadda ba ta kai ba ta ji ta adana, wata rana zai yi mata amfani.

Kun dai san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Ba kya faɗin sunansa, ba kya yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka a gaban surukai sai ki kawar da kai kamar ba ke kika haife shi ba. To ni tawa kunyar har ta yi yawa, don kuwa sunan surukina aka sa wa yaron, ake ce masa Walid, ga shi gida ɗaya muke da Hajiya, mahaifiyar maigidana. Daga "kai" sai "yaron nan", iyakacin maganata da shi ke nan. In ina aiki yana goye a bayana, in na sauke shi na miƙa masa waya ya yi ta kallon katun. Ci da sha da wanka ban rage shi da komai ba, hira ce dai babu.

Ban farga ba sai ranar da muka je wani suna, lokacin yana da wata 22. 'Yar ƙawata da ya girme ta da wata biyu sai zuba take yi, "Mama zo", "ba ni ruwa", shi kuwa nawa sai dai ya ja bakin zanina ya kai ni gindin randa yana nuni. Can wata mata ta dube shi ta ce, "Anya kuwa yaron nan yana ji?" Wallahi ji na yi kamar ta watsa min tafasasshen ruwa. Ko shinkafar sunan ban iya ci ba na saɓi ɗana muka yi gida.

Nan fa shawarwari suka yi ta zuwa. Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan kwantar da hankalinki, namiji ne, ubansa ma haka ya yi nauyin baki." Maƙwabciyata ta ce linzami ne ya riƙe harshen, a kira wanzami ya yanke. Allah Ya saka wa maigidan da alheri, shi ya tsaya kai da fata sai an je asibiti tukuna.

Likitar da muka samu kunne ta fara dubawa, ta ce ai da kunne yaro yake koyon magana, kuma sanƙarau da ƙyanda da shawara mai tsanani ta jarirai da yawan ciwon kunne duk suna iya taɓa jin yaro iyaye ba su sani ba. Aka yi gwaji, alhamdu lillahi jinsa garau. Ta duba harshe ta ce lafiyarsa ƙalau, askar wanzami ba abin da za ta ƙara masa sai zubar jini da haɗarin ɗaukar cuta. Sannan ta dube ni ta ce, "Malama, a wuni sau nawa kike zama ki dube shi ido da ido ki yi masa hira?" Na sunkuyar da kai, don ba ni da amsa.

Ga abin da na ƙaru da shi. Yawanci jariri yakan fara gwaranci, su "ba-ba" da "da-da", daga wajen wata 6 zuwa 9. Wajen shekara ɗaya ya san sunansa, yana nuni da yatsa, yana faɗin kalma ɗaya ko biyu. In ya kai shekara 2 akan sa ran yana da kalmomi kamar 50, yana kuma haɗa biyu, irin su "Baba tafi". Kowane yaro da nasa saurin, amma in kina kiransa ba ya waiwayowa, ko ya wuce shekara ba ya nuni, ko ya daina faɗin abin da ya riga ya iya, to kar ki tsaya jiran "zai yi", asibiti za ki nufa. Batun waya kuwa, tun a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kar a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Ita waya ba ta jira yaro ya ba ta amsa, magana kuwa 'yar ba-ni-in-ba-ka ce.

Tun daga ranar na sauya hali. In na shiga madafa sai na zaunar da shi nesa da wuta ina gaya masa, "Ga albasa, ga tumatir, Umma tana yanka." In ya nuna randa ba na saurin ɗebowa, sai na durƙusa daidai fuskarsa na ce, "Ruwa? Ruwa kake so?" na ɗan saurara. Ranar da ya ce "uwa" ban ce masa ba haka ba ne, cewa na yi, "Ƙwarai, ruwa, ga ruwa mai sanyi." Da dare a yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ita kanta Hajiya da ta ji bayanin likita sai ta ce a dinga kai mata mijin nata suna taɓa hira, kun san wasan kaka da jika.

Ba dare ɗaya bakin ya buɗe ba, sai da muka yi watanni, muna kuma komawa asibiti ana dubawa. Kar kuma wata ta ga ɗan wata ya yi jinkiri ta ce laifin uwar ne, akwai wanda ana yi masa hira safe da yamma amma sai ya buƙaci taimakon masana.

Rannan muna zaune a tsakar gida, Hajiya na kan tabarmarta ga baƙi, sai ga shi da gudu ya riƙe hannuna ya ce, "Umma, zo gani!" Kowa ya zuba min ido a ga yadda zan yi. Ni kuwa na ce, "Na'am Walid, ga ni nan." Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni, 'ya'yan zamani!" amma dariya take yi.

Ƙannena, kunya ado ce, ban ce ku yar da ita ba. Ku ji kunyar surukai, amma in kun shiga ɗaki ku saki baki ku yi wa ɗanku magana, don a bakinku zai ɗauki nasa. Allah Ya raya mana su bisa tafarkin gaskiya, amin.