Mudun Da Ake Auna Hasken Gasa Ciwon Daji

Duk mai awo a kasuwa ya san in mudu na yoyo, sai an zuba fiye da ƙima kafin ya cika. A wajen hatsi mai saye ne ya ci riba. Amma a asibitin da ake gasa ciwon daji da haske, ƙarin da irin wannan mudu ke jawowa a jikin majiyyaci yake sauka, ya ƙone naman da ba shi da laifi.

Na'urar da ake kira linak tana harba ƙwayoyin lantarki, watau elektaron. Su ba su ratsa jiki da nisa, santimita kaɗan sai su tsaya, saboda haka da su ake gasa ciwon da ke kan fata, ko ƙirjin macen da aka cire wa nono, don a tsirar da huhu da zuciya. Likita shi ke yanke yawan hasken da za a ba mutum, amma masanin kimiyyar asibiti ke tabbatar da cewa abin da na'ura ta fitar shi ne abin da aka rubuta. Tun 1976 hukumar duniya mai tsara ma'aunin haske ta nuna cewa bai kamata kuskure ya zarce kashi 5 cikin 100 ba. Wannan kashi biyar kuwa na aikin ne gaba ɗaya, tun daga awo har kwantar da majiyyaci.

Mudun masanin nan wani ɗan kurtu ne mai iska a ciki, wanda ake nutsawa a ruwa a ƙarƙashin na'ura. In haske ya ratsa iskar sai ya tsaga ƙwayoyinta gida biyu, masu caji iri biyu, a ce namiji da tamace. Ana sa wa kurtun wuta kamar bolt 300, ta janye kowane jinsi zuwa nasa ɓangaren, a ƙidaya abin da ya iso. To, ga inda yoyon yake. Waɗansu ƙwayoyin kan ci karo da kishiyoyinsu a hanya, su sake haɗewa, cajinsu ya mutu ba a ƙidaya shi ba. Kullum kurtu ragi yake yi, bai taɓa ƙari ta wannan hanya ba. In aka gaskata shi, sai a zaci na'ura ta yi sanyi a ƙara mata ƙarfi, duk wanda ya kwanta a ƙarƙashinta kuwa ya sha ƙarin.

A zamanin na'urar kobal abin bai taka kara ya karya ba, domin haskenta a hankali yake zuba kamar yayyafi. Linak kuwa tsartuwa take yi, sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, kowace tsartuwa ta cika kurtu da ƙwayoyi a lokaci ɗaya, cunkoso ya yi yawa, karo ya yawaita.

Wani masani ɗan ƙasar Sukotland, J. W. Boag, shi ya fito da lissafin wannan asara a 1950, sa'an nan a 1980 shi da abokin aikinsa Currant suka bayyana dabara mai sauƙi. A yi awo sau biyu, da wuta mai ƙarfi da mai rauni. Ga misali, in a bolt 300 an sami 100, a bolt 100 kuma aka sami 98, ainihin adadin 101 ne, domin asara tana ninkuwa uku in an rage wuta zuwa sulusi. Aikin 'yan mintoci ne, ba ya cin ko kwabo, wanda ya tsallake shi don wai kashi ɗaya ne kurum ba shi da hujja. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana ta sa dabarar cikin ƙa'idar awo da ta fitar a 2000. Maganar ta shafi ƙasar nan, tun da akwai linak a Asibitin Ƙasa na Abuja da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas.

Sai dai sababbin na'urori sun fara fin ƙarfin lissafin. Akwai waɗanda ake shiga da su ɗakin tiyata a gasa gurbin ciwo kafin a ɗinke, tsartuwarsu ta ninka ta linak sau gommai. A nan tsohon lissafi yakan zarce gona da iri, domin waɗansu elektaron kan isa da gudu kafin su sami abokin karo, abin da Boag da kansa ya sake dubawa a 1996, yana da shekara tamanin da ɗoriya. A 2014 kuma masu bincike a Faransa suka nuna a jikin ɓeraye cewa in aka zuba hasken duka cikin ƙiftawar ido, lafiyayyen nama ya fi tsira. A 2018 aka gwada wa mutum na farko a Lozan ta ƙasar Suwizalan, aka gama gashin cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. A irin wannan ambaliya kurtun da aka saba da shi yana iya zubar da fiye da rabin abin da ya shiga, shi ya sa masu awo suka koma ga fim na musamman mai sake launi, suna kuma ƙera kurtun da faɗin iskarsa bai wuce rubu'in milimita ba.