Ba Daga Jinka Ake Fara Ɗaki Ba

Duk lokacin da aka yi shelar gasar ƙwallon ƙafa tsakanin matasan Talata Mafara da Bakura da Maradun, tambayar farko da shugabannin ƙungiyoyinmu ke yi ita ce: wa zai ci mana ƙwallo? Kafin a duba ko gola na da safar hannu, kafin a share fili, an riga an tura mutum Gusau ko Sakkwato neman lamba tara. A ganina wannan ɗabi'a ce ke cinye ƙungiyoyinmu. Duk wadda ta zuba kuɗinta na farko a kan ɗan wasan gaba, to ta fara ɗakinta ne daga jinka.

Na ga haka da idona. Shekarar da na dawo gida daga jami'a, ƙungiyar unguwarmu ta yi karo-karo. 'Yan acaba da masu shayi da manoman shinkafa kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Fiye da rabin kuɗin ya tafi a kan ɗan haya guda: kuɗin motarsa, masaukinsa, takalminsa da ladan wasa. Muka je Bakura, ya ci biyu, aka ci mu huɗu. Washegari ya hau mota ya koma garinsu. Ya bar mu da bashin direba, da wani yaro ɗan shekara 16 wanda ya kwashe rani yana atisaye, aka ajiye shi a benci don baƙo. Har yau yaron nan bai sake taka fili ba. Bashin mun biya, amma yaron mun rasa shi.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin misali ne, ya dubi Kano Pillars. A kakar 2009/2010 Ahmed Musa ya ci mata ƙwallo 18, babu wanda ya kama ƙafarsa a gasar Firimiyar Nijeriya, amma Enyimba ce ta ɗauki kofin. A 2010 ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Bayan tafiyarsa ne Pillars ta ɗauki kofin sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, da 'yan wasan da suka daɗe tare suka san juna, irin su Rabi'u Ali a tsakiya. Ba a raina gwanintar Ahmed Musa. Abin lura shi ne, gwani ɗaya bai kawo kofi ba, ƙungiyar da ta haɗu ta kawo uku.

Haka Real Madrid, wadda gidajen kallonmu ke cika saboda ita. A 2003 tana da Ronaldo na Barazil da Raul da Zidane da Figo, sai ta ƙaro Beckham, ta sallami Makelele, mai ƙwato ƙwallo a gaban 'yan baya. Ba ta sake ɗaukar kofin Laliga ba sai 2007. Chelsea da ta karɓe shi kuwa ta lashe Firimiyar Ingila a 2005, ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38.

Masu ja da ni za su ce ba a cin wasa sai da ƙwallo a raga, kuma mai cin ƙwallo shi ke tara jama'a a bakin fili. Gaskiya ne. Sai dai ɗan gaba shi ne ɗan wasan da ya fi kowa dogara da wasu. Mutumin wannan yanki ya fi kowa sanin haka, domin ya tashi a gindin madatsar Bakolori. Komai kyan irin shinkafar da manomi ya saya, idan magudanar da ke kawo ruwa ta toshe, asarar kuɗin iri ya yi. 'Yan baya su ne madatsa, 'yan tsakiya su ne magudana, lamba tara kuwa gona ce a ƙarshen layi, abin da aka kawo mata shi take sha. Jama'ar da ɗan haya ya tara kuma ranar da aka fitar da ƙungiya suke watsewa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka a sake tsarin kashe kuɗi. A fara da koci mai zama tare da yara rani da damina, da gola, da 'yan baya, da ƙwallaye, da gyaran fili, da kuɗin jinyar wanda ya ji rauni. Idan wannan ya tsaya, mai cin ƙwallo zai fito daga cikin yaranmu, domin yaron da ake kawo wa ƙwallo kullum a bakin raga zai koyi zura ta. In kuma sai an nemo shi daga waje, a nemo shi daga ƙarshe, da abin da ya rage a asusu.

Shugabannin ƙungiyoyinmu su tuna cewa kuɗin nan gumin talakawa ne, kuma sun ba da shi ne don 'ya'yansu su samu abin da zai riƙe su da yamma, a zamanin da zaman banza ke jefa matasa cikin halaka. Wanda ya ɗauke shi ya miƙa wa baƙo don tafin yini ɗaya, ya ci amanar masu karo-karo.