Dillalin da Ya Ɓoye Ciwon Batir Ya Ci Amana



Sau uku ke nan a daminar bana ana kawo mana ƙara iri ɗaya a zauren dattijonmu: ɗan'uwa ya sayi mota ta hannu mai haɗa fetur da lantarki, wadda ake ce wa haibirid, ba a yi wata shida ba ta kwanta. Na ƙarshensu kuɗin gonar gado ya zuba a ciki. Yau motar tana ƙofar gida, kaji na kwana ƙarƙashinta.

Mun san abin da ya ja su. Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta kai 840 a 2024. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a cunkoson Ndokoti zai so motar da injinta ke mutuwa da kansa idan ta tsaya. Kuma motar ba ta da laifi. Tun 1997 Toyota ta fito da Prius a Japan, masu tasi a ƙasashe da yawa sun shaidi ƙarkonta.

Laifin yana wuyan masu sayarwa. Babban batirin irin wannan mota yana da wa'adi. Akasarin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwan Douala daga Beljiyam sun haura shekara goma, garantin batirinsu ya daɗe da ƙarewa. Ƙura tana toshe fankar da ke sanyaya shi, ambaliyar damina kuma ta ƙarasa aiki. Dillali ya san haka sarai. Sai ya sa a goge alamar gargaɗi da na'ura, ya wanke jiki ya yi ƙyalli, ya rantse lafiya lau. Mu da muka karanta Risala mun san hukuncin: ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mayarwa. Rantsuwa ba ta halatta algus.

Bayan ciniki wahala ke farawa. Babban gareji ya yanka wa ɗan'uwanmu kuɗin da ya kusa rabin kuɗin motar, ya ce a jira kaya daga waje. A Camp Yabassi aka ba shi tsohon batir ba takarda. Bakaniken unguwa kuwa, gwanin tsohon inji, bai san wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da wuta sama da bolt 200 ba. Hannu ɗaya ya isa a yi jana'iza.

Za a ce ciniki sa'a ne, mai saye ya buɗe ido. Ido yana ganin fenti da taya. Ba ya ganin cikin batir. Shi ya sa nauyin bayani ke kan wanda ya sani.

Mu ma da namu sakacin. Kada kowa ya biya ko dala sai an jona na'urar gwaji a gabansa, an rubuta sharaɗin mayarwa da shaidu biyu. Kuma cikin samarinmu da ke kabu-kabu, mu haɗa kuɗi mu tura ko biyu su koyi gyaran wutar mota.

Dillalin da ya ƙi gwaji, zaurenmu ba zai sake tsaya masa ba. Allah Ya ba mu halal.