Ai Layar Ta Jiƙe, Kawu!

A wannan watan za mu ɗan ajiye maganar jarumai da rigingimun furodusoshi, mu leƙa wani ɓangare na harkar fim da ba a cika kula shi ba, wato finafinan katun na yara. Abin da ya jawo maganar kuwa wata 'yar muhawara ce da ta sarƙe tsakanina da wani abokina, kuma wadda ta haddasa ta yarinya ce 'yar shekara bakwai.

Kwanakin baya na je Karaye gaida yayata. Bayan sallar isha'i sai yaran gidan suka yi mini caa, wai sai na kunna masu katun a wayata. Akwai wani na Hausa da aka tura mini, wanda wasu matasa suka haɗa a kan Gizo da Ƙoƙi, sai na ce bari mu kalla tare. A farkon labarin wata tsohuwa ta bai wa Gizo layar zana, ta kuma kafa masa sharaɗi cewa duk ranar da ruwa ya taɓa layar to ta tashi aiki. Gizo ya yi ta tsiyarsa, yana ɓacewa yana kwashe wa mutane abinci, yara suna ta ƙyalƙyala dariya. Can wajen ƙarshe aka biyo shi da gudu, ya faɗa kogi tsundum, ya fito sharkaf. Da ya ga an kusa cim masa, sai kawai ya shafa layar ya ɓace.

Nan take 'yar yayata ta ɗago kai ta ce, "Kawu, ai layar ta jiƙe!"

Na ce mata, "To ai katun ne."

Ta ce, "A'a Kawu, tsohuwar fa ta ce in ta jiƙe ba ta yi. Sun yi ƙarya." Ta tashi ta bar wajen, ko ƙarshen ba ta tsaya gani ba.

Ku lura da kyau. Yarinyar nan ta yi kusan minti ashirin tana kallon gizo-gizo sanye da hula yana magana da tsamin baki, bai dame ta ba. Ta ga mutum ya ɓace ɓat, ba ta ce uffan ba. Amma da aka karya sharaɗin da labarin ya kafa da bakinsa, sai ta kira shi ƙarya. Yaron da ya tashi a ƙasar da madatsar ruwa ta Challawa take ai ba sai an yi masa bayanin jiƙewa ba.

Washegari na wuce Rogo wajen wani abokina da muka yi foli tare, wanda yanzu yake aikin tace hoto, kuma yana ɗan taɓa haɗa katun a kwamfutarsa. Da na ba shi labari sai ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Haba mutumina, wane irin lissafi kake nema a katun? Ka manta Tom and Jerry? A buga wa kyanwa guduma ta baje kamar waina, bayan daƙiƙa biyu ta miƙe garau. Yaro launi yake so da guje-guje, shi ke nan."

Na san da yawa daga cikinku za su ce gaskiyarsa. Ni dai ban yarda ba, kuma da misalin nasa zan kafa hujja. Tun 1940 da William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro Tom da Jerry, akwai tsarin da kowane ɗan kallo ya haddace ko da ba a faɗa masa ba: duka ba ya kisa, jiki yana komawa yadda yake, kuma su biyun kusan ba sa magana. Bajewar da Tom yake yi ya tashi, ita ce dokar garinsu. Da a ce wata rana guduma ta sauka, jini ya ɓalle, aka kwashi Tom ranga-ranga zuwa asibiti ya yi wata uku a kwance, wallahi yara kuka za su sa, domin an sauya masu doka ana tsakiyar wasa.

Su kansu masu yin abin sun san da haka. Chuck Jones, wanda ya fito da katun ɗin Road Runner a 1949, wato tsuntsun nan mai ɗan karen gudu da wani karen daji mai kama da dila yake bi kullum, ya jera dokoki tara na shirin a littafinsa Chuck Amuck na 1989. Daga ciki akwai cewa tsuntsun ba ya cutar da mai bin sa, sai dai shi karen ya cuci kansa da wautarsa ko kayan aikinsa su ba shi kunya. Shi ya sa kake fara dariya tun kafin dutsen ya faɗo, saboda ka riga ka san kan wa zai sauka.

Abokina ya ce wannan ai na Turawa ne. To mu dawo gida. Kakanninmu da suke yi mana tatsuniya ba su je makarantar fim ba, amma ka taɓa jin wadda ta mai da Gizo mai gaskiya da riƙon amana ba tare da dalili ba? Gizo makwaɗaici ne mai wayo, Kura ga ƙarfi ga wauta, kuma in aka ce wa yarinya kada ta buɗe ƙwarya sai ta isa gida, to duk wadda ta buɗe a hanya sai ta ga abin da ya fito. In mai ba da tatsuniya ta kuskure, yaran da ke zaune ne za su gyara mata. Ashe abin da 'yar yayata ta yi gado ne.

Haka nan a maƙwabciyarmu Nijar an yi wani gwani, marigayi Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, ya daɗe yana zaune a Tawa, ya rasu a 2015. Yana cikin mutanen farko da suka yi katun a Afirka ta Yamma. A fim ɗinsa Bon Voyage Sim na 1966, kwaɗi ne suke da ƙasa da shugaban ƙasa, har shugaban ya tafi ziyarar aiki, aka tarbe shi da faretin sojoji. Abin dariyar yana cikin yadda kwaɗin suke bin tsarin tarbar manyan baƙi sau da ƙafa. Yana kuma da wani mai suna Kokoa, inda dabbobi irin su kwaɗo da hawainiya suke kokawa irin ta gargajiya, ga fili ga 'yan kallo. Kowa ya san kwaɗo ba ya kokawa, amma da yake an riƙe ƙa'idar wasan, sai ka tsinci kanka kana goyon bayan wani.

Wanda ya kalli Kirikou na 1998, na darakta Michel Ocelot ɗan Faransa, zai tuna jaririn da ya yi magana tun yana ciki. Daga nan fim ɗin ya gaya maka abin da yaron yake da shi: ƙanƙanta, gudu da yawan tambaya. Da su ɗin kuma ya yi komai. Ƙanƙantarsa ce ta ba shi damar kutsawa cikin ramin maɓuɓɓugar da ta ƙafe, tambayarsa ce ta kai shi ga gano ƙayar da ke bayan mayya Karaba. Ba a wayi gari an ba shi fukafukai don marubuci ya rasa mafita ba.

Amma fa abokina ya kama ni a waje ɗaya, kuma dole in faɗa. Ya ce a katun ɗin Disney, Goofy kare ne, Pluto ma kare ne, amma ɗaya yana sa riga yana magana, ɗaya kuma yana tafiya da ƙafa huɗu yana haushi, kuma babu yaron da ya taɓa yin bore. Gaskiya ne. Ba kowane giɓi ne yake kashe labari ba. Bambancin shi ne haka aka san su, kuma labarin bai rataya a kan wannan ba. Ita kuwa layar Gizo, a kanta aka ɗora duk fargabar ɗan kallo. Tun da tsohuwa ta ambaci ruwa, yaro yake jiran ranar da za a gamu da ruwa. Ranar ta zo, aka yi kamar ba a taɓa faɗa ba.

Abin da ya sa na damu shi ne, mu 'yan kallon finafinan Hausa mun sha wannan. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau an samu ci gaba sosai, amma har yanzu muna ganin jarumi ya shiga ɗaki da farar riga ya fito da shuɗiya, ko a ɗaure labari tamau a rasa yadda za a kwance, sai a ce ashe mafarki ne. Manya suna haƙuri saboda son jarumi ko daɗin waƙa. Yaro ba shi da wannan kara. Ga shi kuma a wayar da ya kalli Gizonmu, a nan zai ga Bino and Fino na Adamu Waziri da aka fara a Abuja, da Iwájú da Disney ta fitar a 2024 kan birnin Legas. In namu ya raina masa hankali, can zai koma, kuma ba lallai ya dawo ba.

Don haka shawarata ga matasanmu masu haɗa katun, na Rogo da Karaye da cikin birni, kafin ku zana ko da ƙafar Gizo, ku samu takarda ku rubuta abin da zai yiwu a duniyar labarinku da abin da ba zai yiwu ba. Wannan ba ya cin ko sisi. In kun gama rubutun, ku tara ƙannenku ku ba su labarin da baki. Duk inda kuka ji an ce "to ai ɗazu ka ce", ku tsaya nan ku gyara.

Shi dai abokina bai ce ya sallama ba, amma da zan hau mota ya ce in na koma Karaye in tambayar masa yarinyar, yaya take ganin ya kamata Gizo ya tsira bayan layar ta jiƙe. Na tambaye ta. Ta ce kada ya tsira, a kama shi ya biya abincin mutane.

Ku fa, me kuka gani? Ku rubuto mana. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.