RA'AYINMU: Daga Tseren Faransa Zuwa Gonakin Tattasai Na Komadugu

A watan Agusta na 2022, Hukumar Tseren Keke ta Duniya, UCI, ta soke sakamakon Nairo Quintana, ɗan ƙasar Kolombiya, wanda ya zo na shida a babban tseren kewaya Faransa na wannan shekara. Dalili kuwa, an sami tramadol cikin jininsa har sau biyu, ranakun 8 da 13 ga Yuli. Ya ɗaukaka ƙara, kotun wasanni da ke Lozan ta ce hukuncin yana nan daram. Mai karatu na Difa, ko Maine-Sorowa, ko Boso, ba ya bukatar a yi masa fassara. Tramol ke nan, ƙwayar da kowa ya san inda ake samunta a tasha da bakin kasuwa, wadda yaro ke iya saye da canjin aljihunsa ba tare da takardar likita ba.

Wannan ne ya sa muka ba tseren keke filin ra'ayinmu na wannan mako, ko da yake mun san fatake da ma'aikatanmu sun fi damuwa da farashin buhu da ranar biyan albashi. Abin da ya faru da wannan tsere cikin shekara ɗari labari ne na yadda ake cin ƙarfin mai aiki da magani, da yadda manya ke yin shiru muddin riba na shigowa, da kuma wanda ya iya fasa shirun. Duka ukun nan sun shafe mu.

Jaridar wasanni mai suna L'Auto ce ta ƙirƙiro tseren, wanda Faransawa ke kira Tour de France, a 1903, domin ta ƙara ciniki. A yau ana yin sa zango 21 cikin mako uku na watan Yuli, a ci kilomita fiye da 3,000, wato a tashi daga Yamai a zo Difa, a koma Yamai, kuma da sauran tafiya. Cikin wannan akwai hawan tsaunukan Alp da Pirene. Wanda ya ci yana karɓar yuro 500,000, kusan miliyon 328 na sefa, ban da abin da kamfanonin talla ke biya. Inda aka haɗa wahala irin wannan da kuɗi irin wannan, mai sayar da magani ba ya nisa.

Tun 1924 aka san da haka. A wannan shekara Henri Pélissier da ƙanensa Francis suka janye daga tseren, suka zauna da ɗan jarida Albert Londres, suka nuna masa hodar ibilis da ƙwayoyin da suke sha don su iya kai ƙarshen zango. An buga labarin, an yi surutu, aka ci gaba. Ranar 13 ga Yuli 1967, Tom Simpson na Ingila, mai shekara 29, ya faɗi kusa da ƙolin tsaunin Ventoux cikin tsananin rana, bai sake tashi ba. An sami ƙwayar amfetamin a jikinsa da aljihun rigarsa. Aka gina masa dutsen tunawa a gefen hanya, aka tsananta gwaji, masu magani kuma suka sake salo.

Sabon salon shi ne EPO. Sinadari ne da ƙodar mutum ke fitarwa don ƙara jajayen ƙwayoyin jini, masu kai iska ga tsoka. An haɗa shi a matsayin magani domin masu ciwon ƙoda da jininsu ya ƙare. Lafiyayye in ya yi allurarsa, yakan hau tsauni ba haki, amma jininsa na yin kauri, zuciya kuma na shan wuya. Cikin shekarun 1990 babu gwajin da ke gano shi. Abin da UCI ta iya yi a 1997 shi ne ta ce duk wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka wuce kashi 50 cikin ɗari ya huta na mako biyu. Likitocin ƙungiyoyi suka mai da wannan iyaka ma'auni, kowa ya tsaya dab da hamsin.

Ranar 8 ga Yuli 1998, kwana uku kafin a soma tsere, ma'aikatan duwan na Faransa suka tare wata mota a kan iyaka da Beljiyam, kusa da birnin Lille. Mai tuƙin, Willy Voet, ma'aikacin ƙungiyar Festina ne, cikin motar kuwa ɗaruruwan kwalaben EPO da sauran magungunan ƙarin ƙarfi. Aka kori ƙungiyar baki ɗaya, har da Richard Virenque, ɗan gaban goshin Faransawa. Ƴan sanda suka shiga otal-otal, ƴan tsere suka yi zaman dirshan a kan hanya, ƙungiyoyi da dama suka tattara suka koma gida. Daga mutum 189 da suka tashi, 96 kaɗai suka isa Paris. Shugaban ƙungiyar, Bruno Roussel, ya amsa cewa shan maganin tsari ne na ƙungiya, da likita da asusunsa. A shari'ar da aka yi a Lille a 2000, Virenque, bayan shekara biyu yana rantsuwa, shi ma ya amsa.

Darasi na farko ke nan. An daɗe ana gaya wa duniya cewa wake ɗaya ne ke ɓata gari. Shari'ar ta nuna cewa buhun ne duka, kuma da sanin mai buhun. Yaron da ya shiga sana'ar da ƙarfin Allah yana da zaɓi biyu, ya miƙa hannu a yi masa allura, ko ya ga takwarorinsa sun wuce shi, kwangilarsa ta ƙare. Rahoton majalisar dattawan Faransa na 2013, da ya bayyana sakamakon sake gwada fitsarin 1998, ya nuna EPO a jikin na ɗaya da na biyu na wannan shekara, Marco Pantani da Jan Ullrich.

Abin kunyar Festina ne ya haifi Hukumar Yaƙi da Shan Ƙwaya a Wasanni ta Duniya, wadda ake kira AMA ko WADA, a watan Nuwamba na 1999. Sai dai a wannan shekara ce Lance Armstrong na Amurka ya soma cin tseren, ya ci sau bakwai a jere har 2005. Mutum ne da ya warke daga ciwon daji, ya kafa gidauniya, kamfanoni suka yi ta ribar sunansa, saboda haka kowa na son labarin ya zama gaskiya. Ƴan jarida irin su David Walsh da Pierre Ballester, da suka ce akwai lauje cikin naɗi, sun sha zagi da sammaci. A 2012 hukumar Amurka mai yaƙi da shan ƙwaya ta fito da rahoto ɗauke da shaidar tsofaffin abokan tserensa 11. UCI ta ƙwace nasarorin bakwai, ba ta kuma ba kowa su ba, don na bayansa ma da yawa ba su da tsarki. A Janairun 2013 ya amsa da bakinsa a talabijin. Har yau gurbin shekara bakwai fanko yake cikin littafin tarihin tseren.

Darasi na biyu ya fi muhimmanci ga ma'aikacin gwamnati. A duba jerin waɗanda suka tona asirin: ma'aikacin duwan da ya buɗe bayan mota, alƙalin da ya ƙi rufe takarda, ɗan jaridar da ya jure, da hukumar da ba ta cin abinci daga hannun masu shirya tsere. Masu gidan kuwa, duk lokacin da aka tambaye su, sai su ce lafiya lau. Ba a ba kura ajiyar nama. Gyaran da aka samu daga baya, kamar fasfon jini na 2008, wanda ke bin sauye-sauyen jinin kowane ɗan tsere shekara da shekaru, ya zo ne bayan an tilasta. Ba mu ce tseren ya wanku sarai ba. Amma ya isa a ce yau ɗan Afirka, Biniam Girmay na Eritiriya, ya ci zango uku da koriyar riga a 2024, kuma mai ƙananan hanyoyi irinsa ba ya da rabo sai inda ake gwaji na gaskiya.

To, mu dawo gida. UCI ta haramta tramol a lokacin gasa tun 1 ga Maris 2019, AMA kuma ta bi sawu daga 1 ga Janairu 2024. Hujjarsu ita ce ƙwayar na ɓoye ciwo har mutum ya wuce iyakar jikinsa, tana kawo jiri da gyangyaɗi, kuma tana kama mutum ya kasa bari. Likita na rubuta ta da miligiram 50 ko 100 ga wanda aka yi wa aiki ko mai ciwo mai tsanani. Wadda ke yawo a kasuwanninmu takan kai 200 ko 225. Wanda ya yawaita ta yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. An hana wannan abu ga ɗan tseren da ke da likita a bayansa dare da rana, mu kuwa mun bar shi ga ɗan dako mai shekara goma sha bakwai.

Kowa ya san wane ne ɗan tseren kwarin Komadugu. Shi ne ɗan ƙwadagon da ke dashen tattasai da ban ruwa da tsinka daga hantsi zuwa almuru. Shi ne mai loda buhunan jan tattasai da kwalayen banda a kamyo. Shi ne saurayin da ya gudo daga Yebi ko Boso a 2016, ya zauna a bakin babbar hanya ba gona ba jirgin kamun kifi, ko wanda dokar ta-ɓaci ta 2015 ta raba da babur ɗin kabu-kabunsa. Irin wannan ba ya neman rawayar riga, abincin dare yake nema. Ana biyansa da yawan buhu, na kusa da shi ya haɗiya ƙwaya ya cika goma, shi ya tsaya a shida. Gobe wa mai gona zai kira? Matsin da ya sa yaron Festina ya miƙa hannu, shi ne wannan, sai dai a nan babu yuro a ƙarshen hanya.

Saboda haka muna magana da ku, Alhazai masu gonaki da masu motoci. Wanda ya ga yaronsa na aikin mutum biyu, idanu jajur, ba ci ba hutu, ya yi murna da yawan buhu, ya zama Bruno Roussel na garinsu ko da bai taɓa sayen ƙwaya ko ɗaya ba. Muna kuma magana da ku ma'aikata. Tramol ba a nomansa a Komadugu. Yana tasowa daga masana'antun ƙasashen waje, mafi yawa na Indiya, ya sauka a tashar jirgin ruwa, ya bi hanya cikin katan, ya wuce shinge bayan shinge. Kama yaro mai tire a nuna shi gaban kyamara abu ne mai sauƙi. Ofishin yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, OCRTIS, da duwan, da jandarma, za a auna aikinsu ne da yawan masu katan da suka gurfana gaban alƙali aka kuma yanke musu hukunci.

Akwai kuma kokowa, wadda ita ce babban tserenmu. Tun gasar farko ta Tawa a 1975 da Kantu na Maraɗi ya ci, takobi ya zama abin alfaharin jihohi, Difa ma ta karɓi baƙuncin karo na 43 a ƙarshen 2022. Yau kyautar ta kai miliyoyi, ga alherin gwamnoni da attajirai. Ba mu zargin kowane ɗan kokowa. Muna cewa inda kuɗi suka yawaita jarrabawa na biyo baya, kuma Faransa ta nuna abin da ke faruwa in aka bar masu shirya gasa su binciki kansu. Duk gwajin da za a yi, ya kasance a hannun waɗanda ba sa ƙarƙashin hukumar kokowa ko gwamnan jiha mai masauki, a yi shi har a sansanin horo ba sanarwa, a kuma buga sakamakon kowa ya gani. Wannan kariya ce ga ɗan kokowa na gaskiya, don ta rufe bakin masu tsegumi.

Za a ce jihar da ke fama da Boko Haram tana da abin da ya fi wannan. Amsarmu ita ce ƙwayar da ke cire wa ɗan dako jin gajiya tana cire wa ɗan bindiga jin tsoro, kuma hanyar da take bi ta shigo ba ta rasa alaƙa da hanyar sauran haramtattun kaya. Wanda ya toshe ta ya yi aikin tsaro.

Bukatunmu huɗu ne. A bi katan har zuwa ga mai shi, kowane ne shi. A tanadi wurin jinya a asibitin jihar Difa da na gundumomi ga waɗanda ƙwayar ta kama, domin majinyata ne, kurkuku ba ta warkar da su. A tabbatar maganin na gaskiya na nan a farmasi ga wanda likita ya rubuta wa, kada garin gyaran gira a rasa ido. Ƙungiyoyin manoman tattasai da na ƴan kasuwa kuma su zauna su tsai da ladan yini da mutum zai iya ci da ƙarfinsa na halak.

Faransa ta yi shekara 74 tsakanin hirar Albert Londres da motar Willy Voet kafin ta yarda da abin da kowa ya sani, kuma ta binne mutane a tsakani. Samarin Komadugu ba su da wannan lokaci. Muna jiran jin ranar da za a soma buɗe bayan mota.