Gurbin addini a ajin jami'in jin daɗin jama'a

A wasu kwalejojin Kirista na Amurka an daɗe ana muhawara a kan yadda za a saka imani cikin karatun aikin jin daɗin jama'a. Tushen abin ba baƙo ba ne: Toynbee Hall, wanda aka buɗe a Landan a 1884 kuma ake lissafa shi cikin mafarin sana'ar, limamin cocin Angalika ne, Samuel Barnett, ya kafa shi. Daga baya ne jami'o'i suka tsame addini daga manhaja.

A ganina tsamewar nan ba ta dace da mu ba, musamman yanzu da dokar 2022 ta kafa majalisar kula da sana'ar a Nijeriya. Ɗauki ƙasar Yauri. A Shanga da Ngaski, Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya cikin Kambari da Gungawa kasuwa ɗaya suke ci, wani lokaci ma gida ɗaya suka fito. Tun da madatsar Kainji ta tashi garuruwa a 1968, yankin bai rabu da jarrabawa ba. A 2021 kaɗai, jirgin ruwa ya nitse kusa da Wara da fasinjoji masu ɗimbin yawa, sannan aka sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri, waɗanda wasunsu sai 2023 suka dawo. Uwar da ruwa ya ci ɗanta, wurin fasto ko liman take fara zuwa. Jami'in da bai san yadda take fassara rashin ba, takarda kawai zai cike.

Sai dai akwai iyaka. Ɗalibi Kirista yana da haƙƙin ya ɗauki aikinsa a matsayin ƙaunar maƙwabci, kamar yadda takwaransa Musulmi ke ɗaukarsa sadaka. Amma wanda ya zo neman taimako ba shi da ƙarfin cewa a'a, don haka wa'azi a wannan lokaci, ko da murmushi aka yi shi, tilas ne. Wannan ya kamata a koyar ƙarara, a kuma yi jarrabawa a kai.

Shawarata ita ce, a tura ɗalibin makarantar mishan horon aiki wurin kwamitin zakka, a tura Musulmi asibitin coci, kowannensu ƙarƙashin kulawar ƙwararre mai rajista, kafin a ba shi shaidar kammalawa.