Kada a soke zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye, mu mazauna Kudu za a fara cuta

A watan Fabrairun 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai kimanin 60 suka kawo ƙudurin a koma tsarin firaminista, wato 'yan majalisa su riƙa zaɓen shugaban gwamnati daga cikinsu. Hujjarsu ita ce tsarin yanzu yana cin kuɗi. Gaskiya ne yana ci, amma maganin da suka kawo gyaran gangar auzinawa ne.

Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya ce yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba mutum shugabanci. Sai ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jiha 24. Shi ya sa ɗan takarar Arewa yake neman ƙuri'a a Oyo da Ribas, na Kudu ya nema a Kano da Sakkwato. Shi ya sa kuma ƙuri'ar mai albasa a Mile 12, da ta mazaunin Sabo a Ibadan ko Ama Hausa a Owerri, take shiga lissafin ƙasa baki ɗaya.

A tsarin firaminista, ƙuri'arka iyakarta mazaɓarka. Idan wanda ka zaɓa ya faɗi a can, ta tafi a banza. Mu da muke 'yan tsiraru a mazaɓun Kudu, wa zai ƙara waiwayarmu?

An ma taɓa gwada shi daga 1960 zuwa 1966. NPC ta riƙe Arewa, AG Yamma, NCNC Gabas, kowa ya tsare gidansa, har abin ya ƙare da juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Don kauce wa haka aka kawo dokar kashi 25 a 1979.

Masu ƙorafin cewa Tinubu ya ci zaɓen 2023 da ƙasa da kashi 37 cikin 100 suna da hujja. To, a gyara nan: a ce sai ɗan takara ya haye rabin ƙuri'u, in ba haka ba a je zagaye na biyu. Maganar kuɗi kuwa, a rage ministoci da alawus ɗin 'yan majalisa.

Muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu: duk ranar da aka kira zaman jin ra'ayin jama'a kan gyaran tsarin mulki, su kai matsayarmu a rubuce. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri.